Mari da kulle ba sa maganin hiroyin

Ranar sadakar uku ce, muna zaune kan tabarmi a ƙarƙashin rumfa, a wani layi cikin Tudun Wadar Zariya. Yaron da ya rasu ɗan aminiyar gwaggona ne, shekararsa 26. Ya yi karatu har aji uku a babbar makaranta kafin hodar nan ta kayar da shi. An kai shi wani wuri an kulle shi wata uku, ya dawo ya yi ƙiba, fatarsa ta murje, yana bin jam'i a masallacin unguwa. Kwana tara da dawowarsa aka buɗe ɗaki aka tarar ya cika.

Abin da ake gaya wa masu zuwa gaisuwa shi ne gajeriyar rashin lafiya. Ban ga laifin iyayen ba, kowa ya san bakin mutanen gari. Maganar wani dattijo da ke gefena ce ta tsaya mini a rai. Ana shafa fatiha sai ya karkata wajen na kusa da shi ya ce: "Iyakar ƙoƙari an yi masa. An wanke shi tas, shi ya koma da ƙafarsa. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho."

Ban tanka ba. Wurin makoki ne, kuma mutumin ya haife ni. Amma tun ranar maganar take cina.

Ajali na Allah ne, ba na jayayya da wannan. A kan sanadi nake magana. Ba a yi wa yaron nan iyakar ƙoƙari ba, iyakar abin da muka sani aka yi masa, kuma abin da muka sani ɗin yana cikin abin da ya kusantar da shi ga kabari. Kulle wanda hiroyin ta kama har jikinsa ya bushe, sannan a sake shi ba magani ba likita, ya fi barinsa haɗari a makonnin farko. Ciwon nan yana da magani na asibiti wanda duniya ta yi shekara sittin tana aiki da shi, kuma ya kamata mutanen Zariya su san da shi, su neme shi, su matsa a kawo musu shi kusa.

Ɗan dako da buhun masara

Hiroyin daga mofin ake yin ta, shi kuma mofin daga ƙaron wani fure ake samunsa, furen ofiyom. Aikinta a jiki biyu ne: tana kashe zafi da damuwa, tana kuma rage wa numfashi gudu. Na farkon ake nema. Na biyun ke kisa.

Jiki yana sabawa da ita da wuri. Abin da ya bugar da mutum a watan farko ba ya yi masa komai a wata na shida, dole ya ƙara. Ana haka har a kai inda ba don daɗi yake nemanta ba, sai don kada ya kwanta ciwo. Idan ya yi awa 6 zuwa 12 bai samu ba, sai hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina, zufa da rawar ɗari lokaci guda, ciwon ƙashi kamar ana sara, amai da gudawa, barci ya ƙaurace. Abin yakan tsananta a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin mako guda zuwa kwana goma.

Wannan makon muke kira magani. Da mun ga yaro ya daina karkarwa ya fara cin tuwo, sai mu ce an wanke shi.

To me ya fita daga jikinsa? Juriyar da ya tara. Kwaɗayin kuwa yana nan daram, don ƙwaƙwalwa takan ɗauki watanni, wani ma shekaru, kafin ta koma daidai. Ku dubi ɗan dako a kasuwar Sabon Gari wanda ya saba ɗora buhun masara a ka ya yi tafiyarsa. Ya kwanta jinya wata uku, ya tashi, zuciyarsa ta gaya masa shi ne dai na da, ya sa a ɗora masa buhun nan. Wuyansa zai karye. Haka yaron da ya fito daga kulle yake. Ranar da ya haɗu da tsohon abokinsa, ko aka yi masa gori a gida, ko kawai dare ya yi masa tsawo, adadin da ya saba shi zai auna, jikin da ke iya ɗaukarsa kuwa ya tafi.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan tarkon. An bi diddigin waɗanda suka fito daga gidan yari a Birtaniya da Amurka da Ostireliya, aka ga haɗarin mutuwa ta hanyar ƙwaya a mako biyun farko ya ninka na makonnin da ke biye sau uku zuwa takwas. Kwana tara ɗin yaron nan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san abin. Da iyayensa sun san haka, da ranar dawowarsa ba ranar sakin jiki ba ce, ranar fara gadi ce.

"Ai mu nan ba mu da hiroyin"

Wannan na sha ji. Mai faɗa yakan ce hiroyin ta 'yan Legas ce da Turawa, mu matsalarmu tramol da kodin da wiwi da sholisho. Akwai ƙamshin gaskiya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, rahoton 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa wata ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Masu hiroyin a ciki kusan 87,000 ne. Masu shan magungunan kashe zafi irin su tramol ba bisa umarnin likita ba miliyan 4.6 ne, masu maganin tari miliyan 2.4.

Sai dai waɗannan duk 'yan gida ɗaya ne. Tramol, kodin, mofin, allurar fenta wato fentazosin, da hiroyin, ƙofa ɗaya suke bi su shiga ƙwaƙwalwa. Ƙarfi ne ya bambanta. Ita kanta hiroyin ɗin, kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da ita a 1898 a matsayin maganin tari. Duk wanda ya rayu a Arewa lokacin da kwalaben kodin suka cika kwatoci ya san abin da wannan yake nufi.

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike na BBC. Na goyi bayan hanin, har gobe ina goyon baya. Amma hani yana ɗauke kwalba daga kanta ne, ba ya ɗauke ciwo daga jikin wanda ya riga ya kamu. Wanda jikinsa ke ihu zai nemi madadi, kuma madadin ba safai yake zama mai sauƙi ba. Amurka ta bi wannan hanyar gaba da mu: an fara da ƙwayoyin kashe zafi na asibiti, aka gangara hiroyin, aka ƙare a fentanil, wata 'yar gidansu da ta fi hiroyin ƙarfi, har masu mutuwa ta hanyar zarce ƙima wajen shan ƙwaya suka haura 100,000 a shekara daga 2021 zuwa 2023.

Akwai kuma waɗanda ba ta majalisar banza suka shiga ba. Mai sikila da aka yi ta yi wa allurar fenta a duk lokacin da ciwo ya tashi, mai karaya, matar da aka yi wa tiyata. Wannan ba dalili ba ne na hana mai sikila maganin zafi, wanda bai taɓa ganin tashin sikila ba ne kawai zai ce haka. Dalili ne na a daina ɗauka cewa kowane mai wannan ciwo ɗan iska ne.

"Shi ya sa kansa"

Na yarda, ranar farko yawanci shi ya miƙa hannu. Ba na wanke kowa daga wannan.

Amma direban da ya yi gudun wuce sa'a a hanyar Kaduna ya faɗa rami, shi ma shi ya sa kansa, kuma ba mu taɓa tsayawa a kansa muna karin magana ba, asibitin Shika muke nufa da shi. Alhajin da likita ya hana gishiri da kitse ya ƙi ji har hawan jini ya kwantar da shi, ba wanda ya ce a ɗaure shi. Idan jininsa ya sake hawa bayan wata shida, cewa muke a koma wurin likita a duba maganin. Masu bincike sun kwatanta, sun ga kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye sukan koma, kuma wannan bai fi yadda masu hawan jini da asma ke komawa ciwo ba. Ɗaya muna ce masa sannu, ɗaya muna ce masa tir.

Wanda ke cewa "in ya ga dama zai daina" bai zauna da mai ciwon ba. Gwaggo ta ce yaron nan ya sha dafa Alƙur'ani yana kuka yana rantsuwa ya daina, kuma ta yi imani da gaske yake a lokacin. Nufi yana da shi. Abin da ya rasa shi ne abin da zai riƙe jikin har nufin ya yi ƙarfi.

Gidan mari

Ba zan zagi iyayen da suka kai ɗansu gidan mari ba. Uwar da aka sayar mata da keken ɗinki da sarƙar aurenta, uban da janareto ya ɓace a gidansa sau biyu, ƙannen da ba sa iya ajiye waya a caji, sun gaji, kuma gajiyarsu gaskiya ce. Idan aka ce musu ga inda za a riƙe shi a yi masa karatu, me za su ce?

Mun ga abin da ke bayan wasu ƙofofin. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa da ke Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Cikin makonni kaɗan aka bankaɗo irinsa a Daura da Katsina, har da nan Zariya. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba mai jinya haƙƙin a riƙe shi da mutunci.

Rufe irin waɗannan gidaje daidai ne. Tambayar da aka bar iyaye da ita ita ce: to ina za mu kai su? Matuƙar ba a amsa ta ba, wani gidan zai buɗe a wani lungun.

Kuma kada a ɗauka mari ne kawai matsalar. Ko wurin da ke da fanka da katifa da abinci sau uku, mai karɓar kuɗi masu kauri, idan duk abin da yake yi shi ne ya raba yaro da hoda na wata uku ya miƙo shi gida, tarkon ɗan dakon nan ne dai. Akasarin masu hiroyin da aka yi wa wankin jiki kaɗai sukan koma. Duk wanda zai biya kuɗin irin wannan wuri ya fara tambaya: akwai likita? Wane magani za ku ba shi? Ranar da ya fito, wa zai ci gaba da ganinsa?

Maganin da ba a gaya musu ba

Shekara huɗu iyalin nan suna fama. Sun je wurin mai rubutu, sun je wurin mai sassaƙe, sun biya kuɗin kulle. Gwaggo ta ce ba wanda ya taɓa ambata musu metadon ko bufrenofin.

Metadon ruwa ne ko ƙwaya da ake sha sau ɗaya a rana. Wasu likitoci biyu a birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, su suka fara jinyar masu hiroyin da shi a tsakiyar shekarun 1960. Bufrenofin kuwa a ƙarƙashin harshe ake sa shi ya narke. Dukansu suna zama a gurbin da hiroyin ke zama a ƙwaƙwalwa, su kashe ciwon rashi, su rage kwaɗayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba tun 2005. Bincike bayan bincike ya nuna wanda yake kan ɗayansu haɗarin mutuwarsa yana raguwa da kusan rabi.

Na san abin da za a ce, don an ce mini: "Wato a cire masa ƙwaya a ba shi ƙwaya?"

A dubi yinin mutum biyu. Mai hiroyin aikinta a jikinsa awoyi kaɗan ne, sai ya nema sau uku ko huɗu a rana. Ya tashi da ciwo, ya fita neman kuɗi ta kowace hanya, ya nemi dila, ya sayi abin da bai san me aka cuɗa a ciki ba, ya yi layi, ya farfaɗo, ya sake fita. Idan da allura yake yi, yana iya karɓar sirinjin wani ya kwashi ƙanjamau ko ciwon hanta. Mai metadon kuwa ya je asibiti da safe, ya sha abin da likita ya auna masa a gaban ma'aikaci, ya yini har ya kwana jikinsa a daidai. Idan an dace da ma'aunin ba ya layi, ba ya maye. Yana iya buɗe shago, ya koma aji, ya tsaya a sahu ya san abin da yake karantawa. Duk mai cewa waɗannan biyun ɗaya ne, ya tambayi matansu.

Ba ƙasashen Turawa kaɗai ke yi ba. Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon a Muhimbili da ke Darussalam a 2011, Kenya ta biyo a 2014. Iran, maƙwabciyar Afganistan wadda ta daɗe tana noma mafi yawan ofiyom ɗin duniya kafin 2023, tana da dubban wuraren ba da shi. Malesiya ta fara a 2005, har ta kai ana ba da shi a harabar wani masallaci a Kuala Lumpur, a haɗa da karatu da nasiha. Faransa ta bar likitocin unguwa su rubuta bufrenofin a tsakiyar shekarun 1990, cikin 'yan shekaru mace-macen hiroyin suka faɗi da kusan kashi huɗu cikin biyar.

Akwai tsoron da nake ganin yana da hujja. Metadon shi ma yana kisa idan aka sha ba bisa ƙa'ida ba, ko aka haɗa shi da giya ko ƙwayoyin barci, ko yaro ya tsinta a gida ya kurɓa. Mu kuma mun san halinmu da magani, yadda yake sulalewa daga sito ya ɓulla a kasuwa. Shi ya sa ba abin sayarwa a kemis ba ne. Asibiti, rajista, sha a gaban ma'aikaci, ƙidaya kullum. Mun iya wannan tsarin, da shi ake ba da maganin tarin fuka.

Har yaushe zai sha? Wani watanni, wani shekaru, likita da mai jinya ke yanke wannan, a kuma sauka a hankali. Gaggawar dainawa don a faranta wa dangi rai ita ce ke mayar da mutum gidan jiya. Wanda kuma ya ce shi ba ya son komai daga wannan dangin, akwai naltirekson, mai toshe ƙofar gaba ɗaya, amma sai jiki ya yi kwana 7 zuwa 10 babu komai kafin a fara.

Magani kaɗai bai isa ba, ban ce ya isa ba. Lokacin yaƙin Biyetnam kusan soja ɗaya cikin biyar na Amurka ya kamu da hiroyin a can, amma da suka koma gida, wurin iyali da aiki, nesa da inda suka saba samu, kaɗan ne ƙwarai suka koma mata. Inda mutum yake kwana da wanda yake yini da shi suna da nauyi. Yaron da ya dawo ya tarar an canza kwaɗon kowane ɗaki saboda shi, ba aiki, ba makaranta, ba mai ba shi 'ya, abokan da ke yi masa fara'a su ne na da, ina ake so ya nufa? Ubangidan da zai karɓe shi a gareji ko shagon ɗinki ya yi rabin aikin likita.

Ta fuskar addini

Wasu na ganin duk wannan sassauci ne ga saɓo. Maye haramun ne, ba mai gardama. Amma giya ba rana ɗaya aka haramta ta ba. An fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta, sannan aka hana kusantar salla cikin maye, sannan hani ya sauka gaba ɗaya. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa da hanin ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. Akwai kuma sahabin da aka yi ta kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, har wani ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi. Annabi ya hana la'antar, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Wannan mutum ne da ya koma ba sau ɗaya ba, kuma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba.

Masu cewa ba a magani da haram, ina tuna musu cewa mofin ɗin nan da shi ake kashe wa iyayenmu zafi bayan tiyata, da masu ciwon daji, ba wanda ya kira shi shaye-shaye. Ina so in ga malamanmu na cikin Birni da Tudun Wada da Samaru sun zauna da likitocin ƙwaƙwalwa, kowa ya ji ta bakin ɗan'uwansa, sannan a hau mumbari. Huɗuba ɗaya da za ta ce wa uba kai ɗanka asibiti ba abin kunya ba ne ta fi takarda dubu. Addu'a kuwa ba a ce a bari ba, ana yin ta a bakin gadon mai jinya kullum.

Minsharin da ba na barci ba

Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Daren da abin ya faru, mahaifiyarsa ta wuce ta ƙofar ɗakinsa ta ji yana minshari mai nauyi. Ta ce wa gwaggona: "Yaya, wallahi daɗi na ji. Na ce yau ɗan nan ya samu barci."

Ba laifinta ba ne, ba wanda ya taɓa gaya mata. Minshari mai kama da shaƙewa a wurin mai wannan ciwo alama ce ta numfashi na ƙarewa. Sauran alamun: a kira shi a girgiza shi bai farka ba, numfashi jefi-jefi, leɓe da farce su yi duhu ko toka-toka, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Sau da yawa mutuwar ba farat ɗaya take zuwa ba, akwai tazarar da za a iya ceto.

A wannan halin ba a ɗura masa madara ko manja, shaƙe shi za su yi. Ba a sheƙa masa ruwa a ce ya wartsake, ba a ja ƙofa a ce a bar shi ya huce. A kwantar da shi ta gefe, idan numfashin ya tsaya a hura masa iska baki da baki, a nemi mota ko Keke Napep a yi asibiti, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Kunyar minti biyar ba ta kai makoki ba.

Akwai allura mai suna nalokson. Tana ture hiroyin daga gurbinta, mutum ya dawo da numfashi cikin mintuna kaɗan. Ba ta bugarwa, ba wanda zai sace ta don maye, kuma ba ta cutar da wanda aka yi wa bisa kuskure. Aikinta yakan ƙare cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, don haka ko ya farka sai an kai shi asibiti. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa ta a hannun duk wanda zai iya tsintar kansa a gaban mai wannan hali, wato iyaye da mata da abokai. A ganina duk wanda za a sallama daga wurin jinya ko gidan gyaran hali, in dai an san yana da wannan ciwo, kada a sallame shi sai an koya wa wani a gidansu alamun nan, an kuma ba shi allurar.

Abin da ke hannunmu

Zariya ba ƙauye ba ce a harkar lafiya. Muna da asibitin koyarwa a Shika da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, muna da tsangayar haɗa magunguna a Samaru, ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana da sashen masu shaye-shaye, tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. Wanda ɗansa ke cikin wannan hali yau, nan ya kamata ya fara, ya kuma buɗe baki ya tambayi likita batun metadon da bufrenofin da nalokson da sunansu.

Sai dai maganin da ake sha kullum da safe ba ya yiwuwa daga nesa. Ba mai iya biyan kuɗin motar Kaduna kullum. Dole ya zama a cikin gari, inda ɗan Gyallesu ko Muciya ko Kwangila zai je ya dawo kafin a buɗe kasuwa. Ɗaki biyu ne da likita da mai ba da magani da mai ba da shawara da akwatin ƙarfe mai makulli. A yi kuma ƙofa ko lokaci na mata daban, don rahoton 2018 ɗin nan ya ce cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce, mu kuwa mun san matar aure ko budurwa ba za ta bi layi a tsakiyar maza a gan ta ba.

Masu cewa ba kuɗi, a lissafa abin da iyalin nan suka kashe a shekara huɗu, da abin da gwamnati ke kashewa wajen kamawa da shari'a da ciyar da ɗaurarre wanda zai fito ya koma. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta bi dila da mai shigowa da kaya, wannan aikinta ne tun kafa ta a 1989, kuma ina yi mata fatan nasara. Wanda aka kama da ɗan ƙullin da zai sha, likita ya fi alƙali amfani a kansa.

A wurin ta'aziyyar nan akwai samari uku da suka zauna can ƙarshen tabarma, kusa da inda aka tara takalma. Abokansa ne. Mutane suna zuwa suna miƙa hannu layi-layi, idan an zo kansu sai a tsallake. Ɗaya yana sanye da riga mai dogon hannu a cikin zafin nan, yana ta hamma yana share hanci. Da na tambaya daga baya, Kawu ya ce ya san mahaifinsa, kuma har mahaifin ya biya kuɗin wurin da za a kai shi bayan salla. Shi ma wata uku.

Na roƙi Kawu ya raka ni wurin mahaifin ranar Juma'a bayan an sauko, kafin a tafi da shi.